Gas, Rake ko Lantarki: Wane Makamashi Zai Gaji Fetur a Titunanmu?

Ranar 29 ga Mayu, 2023, a jawabinsa na kama mulki a Abuja, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cewa tallafin man fetur ya ƙare. Kafin mako ya zagayo, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 500, zuwa ƙarshen 2024 kuma ta tsallake naira dubu a yawancin garuruwa. Tun daga nan batun neman abin da zai maye gurbin fetur, wanda a da sai a taron masana ake jin sa, ya sauko tashar mota da garejin kanikawa. Direban haya yana tambayar nawa ake mayar da mota mai amfani da iskar gas, ɗan adaidaita-sahu yana leƙen keke mai batir, gwamnati kuma tana cewa wannan sauyi zai sauƙaƙa wa talaka, ya kuma taimaka wajen rage ɗumamar duniya.

Buri biyu ne aka haɗa a magana ɗaya: sauƙin aljihu da kare yanayi. Wani lokaci suna tafiya tare, wani lokaci kowanne ya kama gabansa. Akwai makamashin da ke rage wa direba kashe kuɗi amma bai rage wa sararin sama wani abin kirki ba, akwai kuma wanda ke da tsabta amma ya fi ƙarfin mai neman na tuwo. Don haka kafin a rungumi kowanne, ya kamata a auna shi da tambayoyi uku. Nawa ne hayaƙin da yake jawowa tun daga inda aka samo shi har zuwa salansa? Mai abin hawa zai iya saye ya kuma iya gyarawa? Ƙasar tana da shi, kuma tana iya kai shi inda ake buƙata?

Hayaƙin salansa da zafin duniya

Duk litar fetur ɗaya da inji ya ƙona tana sakin kusan kilo 2.3 na iskar kabon, ta dizal kuma kusan kilo 2.7. Wannan iska ba ta da launi ba ta da wari, ba ita ce baƙin hayaƙin da ake gani a bayan tsohuwar tifa ba, amma ita ce ke taruwa a sama ta riƙe zafin rana. Sufuri, daga babur har jirgin sama, shi ke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na iskar kabon da duniya ke fitarwa ta hanyar ƙona makamashi, kuma mafi yawansa daga ababen hawa na kan titi ne.

Afirka gaba ɗayanta ba ta wuce kashi 4 cikin ɗari na wannan hayaƙi ba, amma a nan ake ɗanɗana kuɗarsa. Ambaliyar 2022 ta kashe sama da mutum 600 a Nijeriya. A watan Afrilun 2024 zafi ya haura digiri 48 a garin Kayes na ƙasar Mali. A Satumbar 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri, yayin da a Nijar ambaliya ta rusa gidaje daga Maraɗi har Damagaram. Sakacin gyara da gini a kan hanyar ruwa suna da hannu a irin wannan ɓarna, amma manomi da makiyayi sun riga kowa shaida cewa damina ta sake hali: ko ta makara, ko ta sauko da ruwan wata guda a dare ɗaya.

Wani zai ce tunda ba mu muka kashe zomon ba, me ya sa za mu ɗauki rataya? Tambaya ce mai ma'ana, kuma ita ce dalilin da ya sa ƙasashenmu ke neman manyan ƙasashe su biya kuɗin wannan sauyi. Sai dai jama'armu na ƙaruwa, birane na faɗaɗa, kuma motar da aka sayo yau za ta yi shekara ashirin tana yawo. Ga shi kuma Nijeriya ta sa hannu a yarjejeniyar Paris kan sauyin yanayi, a taron Glasgow na 2021 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawarin cewa zuwa 2060 hayaƙin da ƙasar ke fitarwa ba zai wuce wanda take iya shanyewa ba. Ko da babu wannan alkawari, ƙaiƙayin ido da tarin da ake kwasa a cunkoson Kano ko Legas sun isa hujja.

Iskar gas: gada ce, ba masauki ba

Abin da gwamnatin Nijeriya ta fi ba ƙarfi shi ne matsattsiyar iskar gas da ake kira CNG. A watan Agustan 2023 ta kafa shiri na musamman a ƙarƙashin fadar shugaban ƙasa, da burin mayar da motoci miliyan ɗaya zuwa gas kafin ƙarshen 2027. Hujjar a fili take: Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka arzikin iskar gas a ƙarƙashin ƙasa, har ma shekara da shekaru ana ƙona wani ɓangarensa a banza a yankin Neja-Delta.

Aikin mayar da motar ba ya buƙatar sabon inji. Makanike zai ɗaure doguwar tukunyar ƙarfe a but, ya ja siririn bututu ta ƙarƙashin mota zuwa gaba, ya haɗa shi da na'urar da ke sassauta ƙarfin iskar kafin ta shiga inji, sannan ya sa wani ɗan maɓalli kusa da sitiyari. Direba zai tayar da mota da fetur, in inji ya yi ɗumi ta koma gas, in gas ya ƙare a hanya ya danna maɓalli ya koma fetur. Abin da ya samu shi ne arahar makamashi. Abin da ya rasa shi ne rabin but, wanda ga direban da ke lodin fasinja da buhuna ba ƙaramin rashi ba ne, ga ƙarin nauyi a bayan mota, ga kuma tukunyar da ba ta kai shi nisan da cikakken tankin fetur ke kai shi. Iskar da ke ciki a matse take har ninki ɗari biyu na iskar da muke shaƙa, shi ya sa tukunyar da mai walda ya haɗa a bakin titi ajali ce. Fashewar da ta auku a wani gidan sayar da gas a birnin Benin cikin Oktoban 2024 daga irin wannan tukunya ta samo asali.

Ta fuskar yanayi, ribar ba ta kai yadda ake kururuta ta ba. Motar gas tana rage iskar kabon da kusan kashi ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin huɗu idan aka kwatanta da fetur. Amma ita kanta iskar, wato methane, idan ta zurare ba a ƙona ta ba, tana riƙe zafi fiye da kabon sau tamanin a cikin shekara ashirin na farko. Ɗan yoyo kaɗan a rijiya, ko a bututu, ko a mahaɗar da makanike bai ɗaure da kyau ba, ya isa ya cinye ribar duka. Inda gas ya yi zarra shi ne tsabtar iskar gari, domin ba ya fitar da baƙin toka irin na dizal. Wannan ne ya sa Kotun Ƙolin Indiya a 1998 ta umarci bas-bas da kekunan haya na birnin Delhi su koma gas, aka kuma kammala da bas-bas a 2002.

Darasin Pakistan ya fi kamata mu riƙe. Can motoci sama da miliyan biyu suka koma gas saboda araha, sai gas ɗin ya kasa isar motoci da masana'antu da gidaje, aka shiga rufe gidajen sayar da shi na wasu kwanaki a kowane mako, direbobi suna kwana a layi. Mu a Arewa ma matsalar ta riga ta nuna kai tun kafin a yi nisa. Gas ɗin a Kudu yake, bututun da zai kawo shi daga Ajaokuta ta Abuja da Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, an ƙaddamar da aikinsa tun 2020, kuma ya sha ɗage ranar kammalawa. Kafin ya fara aiki sosai, sai dai a yi ta jigilar gas a tireloli masu shan dizal. Direban da ya ci bashi ya sa tukunya, sannan ya rasa inda zai cika ta tsakanin Gusau da Sakkwato, fetur zai koma saye, da nauyin tukunyar a bayansa.

Man da ake nomawa

Hanya ta biyu ita ce man da ake tatsa daga amfanin gona. Brazil ce zakara a nan. Bayan tashin farashin mai na 1973, ta ƙaddamar da shirin samar da ethanol daga rake a 1975, daga 2003 kuma aka fara sayar da motocin da ke shan fetur ko ethanol ko gaurayensu, duk wanda direba ya ga ya fi araha ranar. Ya yi musu aiki saboda suna da ruwa da fili da manyan gonakin rake, kuma tuƙar raken ita ake ƙonawa a ba masana'antar wuta.

Nijeriya ta fitar da manufar irin wannan mai a 2007, da niyyar gauraya kashi 10 cikin ɗari na ethanol a fetur, amma maganar ba ta yi nisa ba. Dalilin bai ɓuya ba: ƙasar da har yanzu take shigo da yawancin sukarin da take sha, ba ta da rarar raken da za ta ba mota. Rogo da masara kuwa abinci ne. Amurka na iya juya sama da kashi ɗaya cikin uku na masararta zuwa mai domin tana da rara; mu da kwanon masara ke hana magidanci barci, wannan ba shawara ba ce. An kuma yi zamanin bini-da-zugu, wajen 2007 zuwa 2010, lokacin da aka yi ta yayata cewa zai ba da man dizal a busasshiyar ƙasar da ba ta noma. Kamfanoni suka karɓi filaye a Ghana da Tanzaniya da Mozambik, daga baya aka gane cewa itacen yana rayuwa a fako, amma ba ya 'ya'yan kirki sai da ruwa da taki, yawancin kamfanonin suka tattara nasu ya nasu. A Indonesiya kuma man ja da ake gauraya wa dizal ya zo da sare dazuka, wanda shi kansa babban tushen hayaƙi ne. Abin da ya rage mai amfani gare mu a wannan fanni shi ne makamashin da ake samu daga shara, da kashin dabbobi, da dattin mayanka, kuma wannan ya fi dacewa da murhu fiye da tankin mota.

Akwai kuma iskar haidurojin, wadda motarta ruwa kawai take fitarwa a salansa. Toyota ta fito da samfurinta mai suna Mirai tun 2014, amma har a ƙasashe masu arziki wuraren cika ta ƙalilan ne, kuma yawancin haidurojin da ake samarwa yau daga iskar gas ake ciro shi. Ba maganar titunanmu ba ce a yanzu.

Lantarki, da tambayar ina wutar

Inda duniya ta dosa shi ne batir. A 2024 an sayar da motoci masu amfani da lantarki kusan miliyan 17, wato fiye da ɗaya cikin kowace sabuwar mota biyar. A Norway kusan tara cikin goma na sababbin motocin da aka saya a shekarar masu batir ne zalla, a Sin kuma kusan rabi ne masu jona wuta. Farashin batir ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari daga 2010 zuwa yau, kuma wannan ne ya sauya lissafin.

Fifikon lantarki a aikin inji yake. Injin fetur yana zubar da mafi yawan ƙarfin man a matsayin zafi, abin da ke isa taya bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku ba. Motar batir tana kai fiye da kashi uku cikin huɗu. Ba ta da fulogi, ba ta da kabireta, ba a juyen baƙin mai. Gaskiya ne ƙera batir yana fitar da hayaƙi mai yawa, har sabuwar motar lantarki takan fito daga masana'anta da bashin kabon fiye da ta fetur, amma tana biyan bashin bayan 'yan shekaru a kan titi. Saurin biyan ya dogara da inda wutar cajin ta fito. Wutar ruwa ko ta rana tana biya da wuri, ta kwal tana jan lokaci, wanda kuma ya tayar da janareta don ya yi cajin mota, wurin hayaƙin kawai ya sauya.

Habasha ta fahimci wannan. A farkon 2024 ta hana shigo da ƙananan motoci masu shan fetur da dizal, abin da babu ƙasar da ta riga ta yi. Ba son burge duniya ya sa ta ba: tana kashe kuɗin waje masu yawa wajen sayo mai, alhali kusan duk wutarta daga ruwa take, ga babbar madatsar da ta gina a kan Kogin Nilu mai ƙarfin megawat sama da dubu biyar. Duk da haka masu motoci a wajen Addis Ababa suna kukan ƙarancin wuraren caji da kanikawan da suka san aikin. To ina ga Nijeriya, wadda wutar da take rarrabawa ga mutum sama da miliyan 200 take kai-kawo tsakanin megawat dubu huɗu zuwa biyar, babban layin kuma yakan faɗi sau da dama a shekara? Nijar ma, da ta daɗe tana sayen mafi yawan wutarta daga Nijeriya, ta ga illar hakan lokacin da aka yanke mata bayan juyin mulkin 2023.

Ga kuma batun ma'adinan da ake haɗa batir da su. Kusan kashi 70 cikin ɗari na kobalt ɗin duniya daga Kwango ake haƙo shi, wani ɓangare a ramukan da ake samun yara suna aiki. Yanzu an gano lithium a Nasarawa da Kaduna da Kwara da wasu jihohi, an kuma buɗe masana'antar sarrafa shi a Nasarawa a 2024. Wanda ya tuna yadda gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ya san abin da haƙa babu doka ke haifarwa. Haka ma mataccen batir: in ba a tanadi inda za a mayar da shi ba, a bola zai ƙare, yara su fasa shi.

Ta ina ya kamata a fara?

Kuskuren da ake yi shi ne kallon lamarin da idon Turai, inda kowane gida ke da mota. A Kano, tun da aka hana acaɓa a 2013, adaidaita-sahu ce ke ɗaukar gari. A Maraɗi da Damagaram kabu-kabu ne, a ƙauyuka kuma babur ne motar asibiti da ta kasuwa. Waɗannan su suka fi shan mai a kullum, su suka fi kusa da hancin jama'a, kuma su suka fi sauƙin komawa lantarki, domin batirinsu ƙarami ne, tafiyarsu gajera ce, kuma a unguwa ɗaya suke kwana.

An riga an gwada a maƙwabta. A Kotono da Lome kamfanin Spiro ya zuba dubban babura masu batir, a Kigali akwai Ampersand. Ɗan acaɓa ba ya jiran caji. Idan batir ya yi ƙasa sai ya tsaya a rumfar musanya, a zaro wanda ya ƙare, a zura masa cikakke, ya biya ta waya, cikin 'yan mintuna ya koma aiki. Batirin na kamfani ne, don haka abin da ya fi tsada a babur ɗin ba a wuyansa yake ba. Irin wannan rumfa ba ta buƙatar jiran wutar gwamnati. Faifan sola a rufi ya isa ya ɗauki babban kaso na aikin, rana kuwa ita ce abin da ƙasar Hausa ba ta taɓa rasawa. A Indiya ƙananan kekuna masu batir sun cika garuruwa, kuma yawanci ƙananan 'yan kasuwa ne suka yaɗa su tun kafin gwamnati ta waiwaye su.

A gida ma ba daga sifili za a fara ba. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka, lokacin da yake shugabantar hukumar ƙera motoci ta ƙasa ya buɗe wurin caji mai amfani da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 2021. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya yi suna wajen cire injin fetur daga ƙananan bas-bas yana sa musu batir, gwamnatin Borno kuma ta shigo da motocin haya masu lantarki. Abin da ya rage shi ne kuɗi da tsari. Mafi yawan 'yan adaidaita ba su ne masu keken ba, balas suke kaiwa kowace yamma. Duk shirin da bai zo da bashi mai sauƙi ta hannun ƙungiyoyinsu ba, wanda za a riƙa biya daga rarar kuɗin mai, a takarda zai tsaya. Haka kuma dubban kanikawan da suka ƙware a kabireta suna buƙatar horo, in ba haka ba sauyin zai raba su da abincinsu, masu keken kuma su rasa mai gyara.

Sama da wannan duka akwai rage yawan ababen hawan kansu. Bas ɗaya mai cin mutum saba'in, ko da dizal yake sha, ya fi motoci arba'in masu ɗauke da mutum ɗaya-ɗaya sauƙin hayaƙi. Dakar ta buɗe layin manyan bas-bas masu lantarki zalla a 2024, mai tsawon kusan kilomita 18 a kan hanyar da aka keɓe musu. Legas ta fara jirgin ƙasa na cikin gari mai lantarki a 2023. Tireloli da tankokin da ke tafiyar Legas zuwa Kano ba za su koma batir nan kusa ba. A nan ne gas ke da gurbi na gaske, tare da layin dogo, wanda in aka kammala na Kaduna zuwa Kano da na Kano zuwa Maraɗi zai ɗauke kaya masu yawa daga kan kwalta.

Akwai kuma ƙofar da dole a sa wa ido. Wani rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018, Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin motoci miliyan 14, mafi yawansu zuwa ƙasashe masu tasowa, Afirka ce kuma ta fi kwasa. Yayin da waɗancan ƙasashe ke komawa lantarki, motocin fetur da suka yar za su ƙara kwararowa ta Kotono da Legas da araha. Idan babu dokar shekaru da ta ingancin inji da ake aiki da ita da gaske, su za su tsabtace iskarsu, mu mu gaji hayaƙin.

A taƙaice, gas yana da amfani ga manyan motoci da bas-bas na wani lokaci, muddin bututu ya iso kuma an toshe yoyo, amma ba shi ne maganin sauyin yanayi ba. Man rake da masara ba namu ba ne sai mun ƙoshi. Makomar tana ga lantarki, kuma a ƙasar Hausa za ta fara ne daga keke da babur da bas ɗin haya masu caji da hasken rana, ba daga motar alfarma ba. Gwamnonin da ke ware kuɗin rage raɗaɗin cire tallafi, da bankuna, da shugabannin ƙungiyoyin direbobi, a nan ya kamata su zuba kuɗinsu.